Terry Davis da TempleOS: ciwon ne ya yi aikin, ko gwanintar?

Bashir: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya kwana na yi ina lalube cikin TempleOS, tsarin sarrafa kwamfuta da Terry Davis, wani Ba'amurke mai fama da taɓin hankali, ya gina, kuma ga abin da na fito da shi: da Terry Davis lafiyarsa ƙalau, da bai gina wannan abu ba. Mutum ɗaya tilo, kusan shekara goma, ya rubuta zuciyar tsarin kwamfuta, da kwamfaila (mai juya rubutun manhaja zuwa harshen na'ura), da harshen rubuta manhaja nasa na kansa mai suna HolyC, layi sama da 100,000. Mai lafiya zai tsaya ya tambayi kansa wa zai saya, nawa za a biya shi. Ciwon ne ya ɗauke masa wannan tunanin.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Bashir, bi shekarun a hankali. An haife shi a 1969. Ya yi digiri na biyu kan injiniyan lantarki a Jami'ar Jihar Arizona a 1994, ya kuma yi wa kamfanin Ticketmaster aiki a kan kwamfutocin VAX. Sai a 1996 ciwon ya fara kwantar da shi asibiti, daga baya likitoci suka ce sikizofireniya ce, wani nau'in taɓin hankali. Da iliminsa ciwon ya same shi.

Zainab: Yaya Bashir, ka yi haƙuri, maganar nan ta taɓa ni. Wana yana da irin wannan larura. Tela ne, da hannunsa ya ɗinka mini kayan aurena. Idan ciwon ya tashi sai ya zauna gaban rediyo ya ce da shi mai labarai yake magana, keken ɗinkinsa ya yi wata uku a rufe da zani, ƙura ta hau kai. In ya koma kan magani sai ka ji ƙarar keke tun asuba. Ban taɓa ganin ciwon ya ƙara masa ko zare ɗaya ba. Shi ma Terry ka duba ƙarshensa: ya bar gidan iyayensa a Las Vegas ya koma kwana a titi, jirgin ƙasa ya buge shi a garin The Dalles na jihar Oregon ranar 11 ga Agusta 2018, yana da shekara 48.

Bashir: Allah ya ba wanki lafiya, ƙanwata, ban faɗa don in sosa miki ciwo ba. Amma sauƙin TempleOS da muke yabo fa? Allo mai ɗigo 640 da 480, launi 16 kacal, ba intanet. Shi da bakinsa ya ce Ubangiji ne ya umarce shi da haka, wai haikali yake ginawa. Wannan ai muryar ciwon ce.

Malam Nura: Wannan ɓangaren na yarda. Amma ya ba da wani dalilin da duk injiniya zai gane. Yana yaro da kwamfutar Commodore 64 ya koyi aiki, wadda kana kunnawa za ka fara rubutu ta bi umarninka nan take. Irinta yake so a kan kwamfutar zamani. Shi ya sa a TempleOS wurin da kake ba da umarni ma HolyC yake ji, ka rubuta layi ka ga sakamako. Na nuna wa ɗalibaina a aji. Wata yarinya da ta yi zango guda tana fama da girke manhajoji kafin ta rubuta komai, ta zana layi ja a allo cikin minti biyu, sannan ta bi umarnin har inda aka rubuta shi a cikin tsarin ta karanta da idonta. Ranar ta ƙi tashi cin abinci.

Aminu: Malam, da girmamawa, ni ban sayi wannan ba. Sauƙin da aka samu ta hanyar cire ƙofar gida ai ba sauƙi ba ne. Kowace manhaja a ciki tana da cikakken iko kan na'urar, babu katanga tsakaninta da 'yar'uwarta, kuskure ɗaya ya isa ya kifar da komai. Wa zai ɗora kuɗin mutane a kai? Sannan mu daina tsallake wani abu: mutumin nan ya riƙa zagin baƙar fata da mummunar kalmar nan a bidiyoyinsa. Mu yake zagi.

Zainab: Na ji zagin, kuma ya yi mini zafi. Wana ma ya taɓa zagin mahaifiyarmu, washegari ya yi ta kuka bai san me ya faɗa ba. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga kan mutum uku, har da wanda hankalinsa ya gushe. Waɗanda nake jin haushi su ne masu lafiyar da suka riƙa tsokanarsa a intanet don ya yi sambatu su yi dariya.

Aminu: Hisabinsa na wajen Allah, wannan ban ja ba. Amma kalmar ta riga ta fita, kuma akwai masu yaɗa ta har yau da sunansa.

Malam Nura: Gaskiya ne, kuma ba na ɓoye wa ɗalibai hakan. Batun tsaro kuwa, shi ma bai ce a gudanar da banki da shi ba, filin koyo da gwaji ya gina, ya kuma bar shi kyauta ba haƙƙin mallaka. Ƙaramin kwafinsa kusan megabait 2 ne. Duba wayarka, Aminu, manhaja nawa ka goge a watan nan don waje ya cika?

Aminu: Uku. Amma ban sauka daga ra'ayina ba. Zan dai sauke in gani da idona.

Bashir: Ni na janye rabin maganata, gwanintar tasa ce. Launi 16 ɗin ne har yanzu ban san wa zan ba ba.

Malam Nura: Aminu, sa shi a VirtualBox, manhajar da ke kunna wani tsari a cikin kwamfutarka, ka zaɓi 64-bit, ka ba shi aƙalla megabait 512 na RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin na'ura, in ba haka ba ba zai tashi ba.