Neman shawara: in cire waƙar ƙanena ta farko daga manhajoji kafin rimiks ya fito?

Bello, Gusau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena mawaƙi ne, ni nake riƙe masa harkokinsa, kuma wata huɗu ke nan da ya saki wata waƙa wadda ta karɓu ƙwarai, har da wuya a yi biki a Gusau ko Ƙauran Namoda ba a sa ta ba, amma ko sau ɗaya ba mu ga sunanta a wani jadawalin waƙoƙi ba. Yanzu wani mawaƙi da ya fi shi suna ya amince zai ɗora baiti guda a kanta a sake sakinta, wato rimiks. Mai situdiyonmu ya ce in cire ta farkon daga manhajojin sauraron waƙa, wai don kada ƙidayar masu sauraro ta rabu biyu. Hankalina bai kwanta da hakan ba, shi ya sa nake roƙon masana su haska mini yadda ake wannan lissafi.

Malam Nasiru, Talatar Mafara: Wa alaikumus salam. Malam Bello, kada ka cire ta, domin duk ƙidayar da ta tara za ta bi ruwa. Gaskiya ne a cikin manhaja kowace tana da nata lissafin, amma manyan jadawalai ba haka suke aiki ba. Jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka, wanda aka fara a 1958, yana tattara saye da sauraro ta intanet da yawan sakawa a rediyo, kuma idan rimiks bai kauce wa ainihin kiɗa da amshin waƙar ba, haɗa shi ake yi da ta farkon su zauna a gurbi ɗaya. Haka ta faru da Calm Down ta Rema, wadda Selena Gomez ta shiga cikinta a 2022, ta kai mataki na 3 a 2023. Abin da mutane suke mantawa kuma shi ne, jadawali lissafin mako guda ne, daga Juma'a zuwa Alhamis, ba jimillar abin da waƙa ta tara tun fitowarta ba. Amfanin rimiks ke nan, ya farfaɗo da waƙar da ta fara sanyi. Saboda haka ku sake shi ranar Juma'a domin ku ci makon gaba ɗaya.

Hajiya Rabi, Tsafe: Ɗana Bello, ni a ganina matsalarku ta girmi batun rimiks. Jama'armu wajen masu turi a kasuwa suke karɓar waƙa a memori, ko aboki ya tura wa aboki ta Xender da WhatsApp, sannan masu kiɗan biki su ɗauka, kuma duk wannan babu na'urar da ke ƙirga shi. TurnTable, da ya fara fitar da jadawalin Najeriya a 2020, abin da aka saurara a manhajoji irin su Audiomack da Boomplay da kuma abin da gidajen rediyo suka saka yake gani. Waƙa tana iya cika garin Gusau alhali a idonsu ba ta motsa ba.

Aminu, Birnin Kebbi: Ƙari a kan bayanin Malam Nasiru, kowane ɗauka yana da tasa lambar shaida mai suna ISRC, don haka ku nema wa rimiks ɗin sabuwa, ku bar masa sunan waƙar yadda yake, ku ƙara sunan baƙon kawai. Ku kuma rubuta yarjejeniyar rabon kuɗi gaban shaidu tun kafin ya shiga situdiyo, domin an sha ganin zumunci ya lalace a nan. Masu cewa a biya su su ƙara yawan sauraro kuwa, ku guje su, manhajojin suna soke ƙidayar bogi, wani lokaci har su cire waƙar.

Bello, Gusau: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ta farkon za ta zauna inda take. Hajiya, maganarki ta shige ni, domin mu da kanmu muka kai wa masu turi waƙar tun kafin mu ɗora ta a ko'ina. Wannan karon sai ta kwana bakwai a manhaja tukuna ta shiga kasuwa.