Huhun ƙyalle a Katako, aikin hankali ko ɓannar kuɗɗi?

Mai zane: Salamu alaikum jama'a. A 2018 an kahwa wani ƙaton huhu hwari tas gaban wani asibiti a Delhi ƙasar Indiya, da irin abin tace iska aka yi shi, kwanaki kaɗan ya koma baƙi ƙirin. Ni na ce in munka yi irinshi a kasuwar Katako ko ta Wadata sai ya hi jawabi dubu aiki a kan mutanen Yamai.

Ɗan kabu-kabu: Hhhh ƙanena mu da muke wuni bayan motoci masu gazuwal ai mun san abin, in na hyace hanci da marece baƙi nika gani, sai wani ƙyalle ya hwaɗa mini?

Majo: Kai ka ga na hanci, wanda ke kisa ba ka ganinshi. PM2.5 ake ce mai, wato ɗan mitsitsin ɓurɓushin ƙura da hayaƙi da ke yawo cikin iska, siririn gashin kai ma ya ninka shi kauri wajen sau 30, yana wuce hanci ya shige can cikin huhu har jini. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ce iska marar kyau na kashe wajen mutum miliyan 7 duk shekara.

Mushe: Majo ban musa ba, amma nan ba Delhi ba ne hwa. Ku kahwa shi a Janairu ku gani, ja zai yi ba baƙi ba, hazo ne ke tasowa tun daga Bodele ta Cadi, kuma kun san mutanenmu sai su ce ƙura ta Allah ce su wuce abinsu, wa za ka kai ƙara?

Mai zane: To ai shi ne daɗinta Mushe! A yi biyu, guda bakin gudoro guda kusa da jibjin da ake ƙona leda da taya, launi ya raba gardama.

Hajiya: Duk kun tsaya titi, ba wanda ya tuna murhu. Mu ke duƙe kan icce sahe da dare da jinjiri a baya yana tari, in da gaske kuke ku rataya na ukku bisa tukunyata, sati guda ya isa.

Majo: Walle Hajiya nan ne maganar take, OMS ta ce hayaƙin cikin gida kaɗai mutum miliyan 3.2 ya kashe a 2020.

Ɗan kabu-kabu: To ta gani ya yi baƙi sai mi? Ƙyallen ne zai cika mata buteli na gaz?

Hajiya: Ba ni za a gwada ma ba ɗana, maigidan za a gwada ma, shi ke cewa tuwon icce ya hi daɗi yana zaune waje kan tabarma.

Mushe: 😂 To na yarda da na murhu, na Katako dai har yanzu ban yarda ba. Kuma ku tambayi izinin magajin gari tukuna kahin ’yan sanda su kwashe muku huhun.