Neman kalma: duwatsun sama masu shigowa a gungu

Mai shirin kimiyya: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe takwas zan karanta rahoto a rediyo, kalma ta maƙale mini. Ranar 30 ga Oktoba 2022, kyamarori a ƙasar Nowe sun ɗauki haske 22 suna tsaga sama cikin 'yan daƙiƙoƙi. Masana suna ganin dutse ɗaya ne ya tsage tun yana sararin samaniya, gefe guda rana na gasa shi, gefe guda sanyi, sai ɓaraguzan suka iso tare. Turawa suna da suna ga dutsen yana sama, wani ga hasken, wani ga wanda ya faɗo ƙasa. Mu fa?

Malamin fiziks: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yana sama: tsakuwar samaniya, don yawancinsu ba su wuce ƙwayar gero ko tsakuwa ba. Wanda ya faɗo: dutsen sama, kamar na Zagami a Katsina, 1962, kusan kilo 18, daga duniyar Mas ya taso. Gungun kuma, ayari.

Alaramma: Hasken yana da suna tun tuni. Shihabi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya karanta shi a Suratul Jinni.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta malam, wannan Larabci ne. Kibiyar sama nake ba da shawara, kowa zai gane. Ayarin kibau.

Alaramma: Littafi da alƙalami ma daga Larabci suka zo, yaro, ka daina faɗinsu?

Ɗan Damagaram: Kullum sai abin da aka yanke a Kano ake bi. Mu da ke wannan ɓangaren ba a tambayarmu.

Wata ɗaliba: A ce ruwan taurari mana. Ko gatarin aradu?

Malamin fiziks: A'a ƙanwata. Ruwan taurari shi ne irin na tsakiyar Disamba, duniya ke ratsa ƙurar da wani dutse ya bari a hanyarsa, ana kwanaki ana gani. Wannan na daƙiƙoƙi ne, daga dutse ɗaya. In aka haɗa su rahoton ya ɓaci. Gatarin aradu kuwa aikin hannun mutanen da ne.

Ɗan Damagaram: To kibiyar fa?

Mai shirin kimiyya: Yayana, kibiya sai da maharbi, masu sauraro za su kira suna tambayar wa ya harba. Zan ce tsakuwar samaniya ta tsage, ta shigo a ayari. Hasken zan ce shihabi, in ƙara da cewa wasu na kiransa kibiyar sama.

Ɗan Damagaram: Ki karanta haka gobe. Amma ni a ajina kibiya zan koyar.

Alaramma: Jam'insa shuhubu ne, kada ki ce shihabobi.