"Ahorita" a bakin mutumin Meziko: yanzu ne ko sai an jima?

Ɗan Dawanau:
Assalamu alaikum jama'a. Harkar zoɓo nake yi, kuma yawancin abin da muke lodawa Meziko yake tafiya. Can jamaica suke ce masa, suna haɗa abin sha da shi kamar yadda muke yi. Akwai mai saye a Guadalajara da muke magana ta WhatsApp, da ɗan Sifaniyancin da na tsinta a waya nake lallaɓawa. Duk sanda na nemi takardar biyan kuɗi sai ya ce "ahorita te la mando", wato ahorita zan turo maka. Ƙamus ya ce ahora, wadda ahorita ta fito daga cikinta, na nufin yanzu, amma tasa yanzun ta ƙi zuwa. Wasa yake mini da hankali ko haka suke magana? Sannan in na kira bai ji ni sosai ba, sai ya ce "¿mande?". Me ke nan?

Maman Hanifa, Monterrey:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, ba lallai yaudara ba ce. Ahorita tana iya zama yanzun nan, tana iya zama an jima, wani lokacin ma a'a ce cikin ladabi. Ka miƙa wa baƙo abinci ya ce "ahorita no, gracias", to ya ƙi ke nan. Kamar "ina zuwa" ɗinmu take. Mutanen nan Meziko ba sa son faɗin a'a ƙiri-ƙiri. Kai dai ka ɗaure shi da lokaci: "¿hoy o mañana?", yau ko gobe, "¿a qué hora?", ƙarfe nawa. In ya ce "ahorita mismo", wannan ta fi kusa da gaske.

Mande kuwa "na'am?" ce. Daga mandar take, ba da umarni. Iyaye a nan suna tsawata wa yaro in ya amsa kira da "¿qué?", wato "me?", sai su ce a ce mande.

Sani Almería:
Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: in manhajar da kake koyo ta Sifaniya ce, ka kiyayi coger. A nan Sifaniya ɗauka ce ko kamawa, kullum muna faɗa a tashar mota. A Meziko batsa ce tsagwaronta. Yi amfani da tomar ko agarrar. Kuma tunda harkar lodi kake, camión a nan babbar motar kaya ce, a can har bas ɗin haya haka suke kiranta, sai ka riƙa tantancewa.

Maman Hanifa, Monterrey:
Gaskiya ne Malam Sani. In ka ji lana kuɗi yake nufi, ko da yake asalinta gashin tunkiya ne. Chamba aiki. Órale ta danganta da murya, ko "to, shi ke nan" ko mamaki. Güey za ka ji ta a bakin samari ba iyaka, daga buey take, wato sa, amma kada ka soma faɗa wa abokin ciniki. Ka tsaya a kan usted, wato "kai" ta girmamawa, har sai shi ya fara ce maka tú, "kai" ta sabo. In kuma ya ce ojalá, fata yake yi, kalmar daga Larabci ta shigo tun zamanin Andalus, da sunan Allah a cikinta.

Ɗan Dawanau:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tura masa "¿hoy o mañana?", ya amsa da "al rato". Wannan fa?

Maman Hanifa, Monterrey:
An jima ke nan, Alhaji, ita ma ba ta da ƙarfe. Sake tambayarsa "¿a qué hora?".