Ƙura ta cika cikin kwamfutata, yaya zan share ta?

Ɗalibin Zane:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutar tebur da nake aikin zane da ita ta fara gurnani, fanka ba ta hutawa. In na buɗe babban aiki sai ta yi nauyi, wani lokacin ma ta mutu da kanta. Na cire murfin gefe, sai ga ƙura ta yi dam a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), tsagoginsa duk sun toshe. Zan iya gogewa da tsumma mai ɗan laima?

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ko ɗigon ruwa kada ya shiga. Ƙarfen nan shi ke janye zafin firosesa, iskar fanka kuma ta tsagogin take bi. Da sun toshe zafi zai doshi digiri 90 zuwa 100, sai firosesa ta rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya wuce haka ta kashe kanta.

Ka kashe ta, ka zare wayar wuta, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar caji ya fita. Fita da ita waje. Ka taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin ka sa hannu ciki, saboda cajin da jiki ke tarawa yana lalata ram (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) da madabod (babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kansa). Sai ka hura iska da bulowa kaɗan-kaɗan, ƙurar da ta manne ka bi ta da buroshi mai laushi. Abin da na fi so ka kiyaye: riƙe fikafikan fanka da yatsa yayin hurawa. In iska ta juya ta fiye da ƙima, bearin ɗinta, wato abin da take juyawa a kansa, ke cin wuya.

Hajiyar Ofis:
Malam, ni da injin zuƙe ƙura na ɗaki nake yi, ba laifi?

Mai Gyara:
Hajiya, bakinsa na roba yana tara caji. Ki bar shi ga ragar gaban akwati kawai, kada ya kusanci madabod.

Tsohon Injiniya:
Ƙaramin akwatin rarraba wuta da ke cikin kwamfutar kam kada ka kwance shi, ko an zare waya kafasitocinsa (sassan da ke adana caji) na riƙe wutar da za ta iya jikkata mutum. Hura ta ragarsa daga waje ya isa. Ƙarfen firosesa ma bar shi a wurinsa, in ka ɗaga shi dole ka shafa sabon man ɗaukar zafi. Ɗauke kwamfutar daga ƙasa ka ɗora a tebur, ka riƙa dubawa duk wata 3 zuwa 6.