Masanin halayyar ɗan Adam da Nobel na tattalin arziki: ya cancanta kuwa?

Kawu: Ni fa har yau ban gamsu ba. Daniel Kahneman da bakinsa ya ce bai taɓa zama a ajin tattalin arziki ba. A Jami'ar Hebrew ta Ƙudus ya fara, ya yi digirin digirgir a Berkeley a 1961, duk a ilimin halayyar ɗan Adam. Kwatsam a 2002 sai a miƙa masa Nobel na tattalin arziki? Ai wannan shiga gonar wani ne.

Malama: Kawu, a gafarce ni. Masana tattalin arziki sun daɗe suna gina lissafinsu a kan cewa mutum yana auna riba da asara tsaf kafin ya yanke shawara. Kahneman da abokin aikinsa Amos Tversky suka gwada mutane, suka tarar zafin rasa dubu ɗaya ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun dubu ɗaya. Kuma a Econometrica aka buga aikin a 1979, mujallar masu fannin ce da kansu.

Auta: Wato shi ya sa mutum ke ƙin sayar da hannun jarin da ya faɗi, yana ta jiran ya farfaɗo?

Malama: Ka gano, Auta.

Kawu: Wannan ai ko 'yar talla ta sani.

Malama: Ta sani, amma ba ta auna ba, balle ta sa shi cikin lissafin da za a iya gwadawa.

Yaya: Ni ba nan damuwata take ba. A littafinsa na 2011, Kahneman ya dogara da binciken da ke cewa in ka karanta kalmomin tsufa, tafiyarka za ta ragu ba ka sani ba. Da wasu suka sake gwajin, abin bai fito ba. A 2017 shi kansa ya amsa cewa ya yarda da ƙananan bincike fiye da kima. Ga kuma Gerd Gigerenzer, masanin halayyar ɗan Adam na birnin Berlin, da ya daɗe yana cewa saurin yanke hukuncin da su Kahneman ke kira kuskure sau da yawa shi ke fisshe mu.

Malama: Gaskiya ne, Yaya. Sai dai binciken nan ba nasa ba ne, kuma kyautar ta riga littafin da shekara 9. In akwai wanda aka yi wa ƙwauro, Tversky ne: ya rasu a 1996, Nobel kuwa ba a ba mamaci.

Kawu: To ku dai tuna rabi aka ba shi. Ɗaya rabin na Vernon Smith ne, cikakken masanin tattalin arziki.

Malama: Shi ma da tara mutane a ɗakin gwaji ya samu tasa, Kawu.