Tambaya: a farkon rayuwa a duniya, daga ina ARN ('yar'uwar ADN, sarƙar da ke ɗauke da bayanan gado) mai aiki ta fito tun babu furotin?

Malamin SVT, Birni:
Assalamu alaikum malamai. ADN ba ta kwafuwa sai da enzim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai), shi kuma enzim sai da ADN. Amsar da muke ba ɗalibai ita ce ARN ta riga su, tunda masanin kimiyya Cech ya nuna a 1982 tana iya yanka kanta ta haɗe. To ita wa ya ƙera ta?

Mai koyar da kimiyyar sinadarai, Zengou:
Wa alaikumus salam Malam. Matsalar farko ita ce tubalan da ake jera ARN da su, kowane da sukari da bas da fosfat. Idan aka dafa formaldehid a ruwa mai alkali, ribos ɗin (sukarin ARN) da ke fita bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sauran duk dagwalo ne. Kuma ba ya jimiri: a zafin digiri 100, rabinsa na lalacewa cikin minti 73. Shi ya sa masanin sinadarai Sutherland da abokansa a 2009 suka kauce wa haɗa sukari da bas (harafin sarƙar) daban-daban. Sun gina su tare, daga siyanamid da gilikolaldehid da giliseraldehid da siyano'asetilen, fosfat na tsare yanayin ruwan. C da U, biyu daga cikin tubalan ARN huɗu, suka samu ta wannan hanya.

Ɗalibar jami'a, Sabon Gari:
Malamaina, ku duba tafkunan kanwa na Manga. A ruwa na yau da kullum kalsiyom yana kama fosfat ya zaunar da shi ƙasa. A ruwan kanwa kuwa kabonet ke riga kama kalsiyom, sai fosfat ya taru. Sannan kowane haɗi tsakanin tubali biyu yana fitar da ruwa, don haka tafki mai cika da damina ya ƙafe da rani ya fi teku dacewa. Masanin sinadarai Ferris ya sami sarƙa mai tubali kusan 50 a kan yumɓun montmorilonit.

Mai koyar da kimiyyar sinadarai, Zengou:
Madalla 'yata. Amma tsawo ba aiki ba ne. A 1993 masana Bartel da Szostak sun zuba sarƙoƙin ARN barkatai fiye da tiriliyan dubu, kowace da gurbi 220, suka yi ta tacewa zagaye goma har suka tsamo masu haɗa ARN da ARN. Inda ake cijewa shi ne magneziyom: yawanci ribozim (ARN mai aikin enzim) ba ya naɗuwa sai da shi, shi ne kuma ke taya OH na kabon na 2 na ribos tsinke sarƙar. Bayan kwafi ma, sarƙoƙin biyu sai su manne, dole zafi ya raba su kafin a sake wani zagaye.